Bokitin Habboba

Har yanzu in na ji wani yana kakarin amai, ko a bayan katanga ne, sai in nemi hanyar gudu. Haka yayata ta fara a unguwar Mayo, lokacin da kwalara ta same mu ana tsakiyar yaƙi. Ban iya tsayawa a kanta ba. Maƙwabta ne suka riƙe ta har ta cika.

Bayan rasuwarta muka koma Jabal Awliya, ni da kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda Larabawan nan ke kiran tasu. Famfo ya ɗauke, kowa ruwan kogi yake sha. Wata safiya na gan ta a bayan ɗaki tana tura ƙasa da ƙafa, tana rufe wani abu.

"Habboba, amai kika yi?"

"Ji bakinta! Kumallo ne, ban karya ba."

Tsofaffinmu ba sa yarda a ga amansu, ko sunansa ba sa son kira. Sai dai su ce zuciya ta tashi, ko ciki ya juya. Kafin azahar idanunta sun faɗa. Wani masunci ya tsallakar da mu a kwalekwale, daga can muka hau motar kaya zuwa Omdurman, inda aka kafa tantin masu kwalara. Duk hanya tana rungume da ɗan bokiti, ta lulluɓe shi da gefen mayafinta.

A bakin tantin ake tantance mutane, don ledar ƙarin ruwa ta yi ƙaranci. Wanda cikinsa ke riƙe ruwa sai a ba shi na gishiri da sukari, ya zauna a inuwa. Wanda nasa ba ya riƙewa shi ake ba gado. Likitar baƙuwa ce, Turanci take yi, wani saurayi yana mayar mata da Larabci. Habboba tana jin Larabci sarai, amma da ta ga namiji sai ta kawar da kai, ta ce mini da Hausa, "Ce musu zuciyata ce ke ɗan tashi."

Likitar ta juyo gare ni da kalmomi uku. Ɗaya kaɗai na sani daga sakandare, bomit, wato amai. Sauran da hannu ta nuna mini. Ta dafa ƙirji ta ce noziya, wato tashin zuciya. Ta yi kakari ba abin da ya fito, ta ce rec. Nan na gane gadon nan yana rataye ne a kan wadda zan zaɓa.

Habboba ta matse mini hannu. "Kika tona ni gaban ɗan mutane, ni da ke ne."

Na fizge bokitin, na yaye mayafin. Aman fari ne tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, da ƙarni irin wanda na guje wa a ɗakin yayata. Na ɗaga bokitin har gaban likitar, na faɗi kalmar da na sani, na ƙara da Larabci cewa ko kurɓi ɗaya ba ya zama a cikinta.

Aka ba ta gado. Ta juya mini baya, ta daina yi mini magana.

Ban tafi ba. Ina kwashe bokitai, ina wanke su da ruwan magani. Wata rana muna wanke hannu na tambayi likitar, ta bakin saurayin nan, inda suka samo kalmomin nan. Ta ce noziya daga sunan jirgin ruwa ta fito a harshen Girkawa, saboda juwar da teku ke sa matafiya, rec kuwa da can kaki take nufi. Ni ma na koya mata tumbuɗi da kumallo. Na riƙa maimaita nata a raina duk sanda na sunkuya kan bokiti, don in ina neman sunan abin da nake gani, ƙafata ba ta samun damar gudu.

Ranar da Habboba ta iya zama da kanta, aka kawo wata tsohuwa 'yar unguwar Soba, rungume da nata bokitin a lulluɓe, tana rantsuwa ciki ne kawai ya ɗan juya mata. Habboba ta ƙare mata kallo, sannan ta ɗaga murya ta kira ni, karon farko tun da aka ba ta gado.

"Ke marar kunya, zo ki buɗe na wannan baiwar Allah. Ita ma ƙarya take yi."

Na je na buɗe.