Karsana Biyu a Bisa Ganuwa

Ƙarfe huɗu na yamma, bayan La'asar, mu uku ne a tsakar gida: Inna, da wana, da ni. An yi shekaru da tafiyar Nasara, ƙasa ta koma hannunmu, amma ruwan sama ya ƙi damina biyu a jere. Cikin shanun da mahaifinmu ya bari, karsana biyu suka rage, ja da fara, duk haƙarƙari a waje. Wana ya ce ranar Lahadi zai kai su kasuwar Filinge kafin su mutu a hannunmu. In sun tafi, gidanmu ya rabu da shanu ke nan.

Inna ta ce, "Ku hau ganuwa da su."

Wana ya ce, "Inna, duwatsu za su ci?"

"Kai dai bakinka ya fi ƙafarka yawo. Ka taɓa zuwa?"

Bai taɓa ba, ni ma haka. Ganuwar tana bisa tudu, gabas da garinmu. Kakanni suka gina ta a zamanin hari, ta haɗa mafaka uku a kan duwatsu. Tun tasowarmu ba a kiwo a can, ba a saran itace, saboda kaburburan waɗanda suka tsare ta. Inna ta kafa mana sharaɗi. Na farko, mu nemi izinin dattijon gari. Na biyu, sallama a kowace ƙofa. Na uku, ban da gatari, ban da wuta.

Dattijo ya yarda, washegari muka kama hanya. Da fari ganuwar tulin ƙasa ce, da rami a gefenta. Inda tudu ya miƙe sai ta koma jeren dutse, tsayin ƙugu. A mafakar farko muka yi sallama, ba mu sami komi ba sai tsakuwa. Wana ya ce, "To, ga tuwon Inna, bismilla." Muka wuce gaba.

Kafin mafaka ta biyu farar ta durƙushe. Muka ɗaga ta, ta sake faɗuwa. Wana ya yanka ta. Da ya gama ya ce mu juya.

Na ce, "Yaya, saura guda. In babu ciyawa a gaba, ni zan ja ta har Filinge."

Ya ɗauki naman ya sauka gida, ni na ci gaba da jar. Bayan mafaka ta uku ganuwar ta tare bakin wani kwari. Duk ruwan da ya taɓa sauka a tudun, a nan yake tsayawa, ya tara ƙasa mai laushi. Ga busasshiyar ciyawa har gwiwa, ga sabara da ganyenta. Na yi sallama da ƙarfi. Karsana ba ta jira amsa ba, ta hau ci.

Daga ranar muke karɓa-karɓa ni da wana, ɗaya na hawa da tulun ruwa a kan jaki. Maƙwabta suka biyo mu da awakinsu, bisa sharaɗin Inna. Jar ta kai damina, daga baya ta haihu. Shanun da ke gidanmu yau duk jikokinta ne.

Yanzu ina ganin ana hawa da amalanke, ana kwasar duwatsun don harsashin gini. Su ne ke riƙe ƙasar kwarin. Mai karatu, in gini za ka yi a ƙasarmu ta Kurfey, ina roƙonka ka tambayi mai amalanke inda ya samo dutsensa. In daga ganuwa ne, kada ka saya.