Sunan da Ba Na Faɗa

Ɗana na fari sunan kakansa ya ci. Shi ya sa tun ranar suna bakina bai saba da sunan ba, kuma ko a nan ba zan rubuta shi ba. A gidanmu na Tudun Wada kowa Malam yake ce wa yaron, kamar yadda ake ce wa kakan, in za a bambanta a ce Malam ƙarami. Mutum ɗaya ne yake kiransa da sunan yanka, shi ne mai sunan, surukina, wanda ni nake ce wa Baba.

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da adabin Larabci a jami'a, yana kuma juya tsofaffin waƙoƙin Larabawa zuwa Hausa. Ni a firamare na tsaya, sai Islamiyyar yamma, don haka abin da na sani na aikinsa ta taga na hango shi. In ina shanya a tsakar gida sai in gan shi zaune, tabarau a goshi, yana juya kalma ɗaya a baki kamar mai tauna goro, shayinsa ya huce bai sani ba. Wani lokaci yakan aiko Hajiya, uwar mijina, ta tambaye ni yadda mutanen garinmu suke kiran abu kaza, wai Hausar Kaduna ta sha Turanci ta ƙoshi. In ba da amsa kaina a sunkuye, ita ta kai masa.

Yaron kuwa tun da ya fara tafiya ya mayar da ɗakin karatun kakansa wurin wasa. Yakan shige ƙarƙashin teburin Baba ya yi lamo. In na tsaya bakin ƙofa na ce Malam, fito, ko motsi ba ya yi. Sai Baba ya gama layin da yake kai, ya yi kamar yana nema, ya kira sunan, sannan ya fito yana ƙyalƙyala dariya.

Da Baba ya ajiye aiki, tsofaffin ɗalibansa suka shirya masa taron karramawa a zauren wata makaranta ta wajen Kakuri, dab da babban titin da tireloli suke bi. Tun da safe Hajiya ta ce a bar yaron wurin maƙwabta, taron manya ne. Na ce zan riƙe shi. Ni ba na iya barinsa wurin kowa, ko kasuwa na je zuciyata tana gida. Ta dube ni ta ce to, tunda na ce zan riƙe.

Aka zaunar da mu ɓangaren mata, ni a bayan Hajiya. Maigidana yana can yana tarbar baƙi. Ban taɓa ganin manyan riguna da rawuna sun taru wuri ɗaya haka ba. Baba yana saman dandamali a tsakiyar babban tebur, an lulluɓe teburin da farin ƙyalle har ƙasa. Masu jawabi suka fara tashi. Wani tsoho mai furfura, an ce alƙali ne, ya ba da labarin yadda Malam ya taɓa mayar masa da fassararsa don ya ce ma'anar kusan haka ce, Malam ya ce masa kusan haka ba haka ba ne. Zaure ya ɗauki dariya. Wani ya ce ta hannun Malam ne ya fara jin mawaƙin da ya mutu tun kafin zuwan Musulunci yana kuka da Hausa, har ya ji kamar ɗan unguwarsu ne. Malam, Malam, lasifika ba ta da wata kalma.

Sai ƙawayen Hajiya suka iso. Dole in durƙusa in gaishe su ɗaya bayan ɗaya, wannan ta tambayi gajiya, waccan ta tambayi mutanen gida. Na saki hannun yaron don in karɓi jakar wata. Da na miƙe, kujerarsa ba kowa, sai takalminsa ƙafa ɗaya.

Na leƙa ƙarƙashin kujerun layinmu. Na ce wa raina wurin babansa ya tafi. Na hango baban nasa a bakin ƙofa yana gaisawa da mutane, hannunsa ba yaro. Hajiya tana gabana, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarta, amma me zan ce? Ita ta ce a bar shi a gida. Ga shi ɗan fari ne, wanda ko kallonsa ba na yi sosai a gabanta, balle in nuna na rikice a kansa. Na ɗauki takalmin na cusa cikin hijabi, na fita a hankali kamar mai zuwa bayi.

Ina fita na kwasa da gudu. Ƙofar makarantar a buɗe take hanhai saboda motocin baƙi, bayan ta titi, tirela tana wucewa ƙasa na girgiza. Maigadi ya ce shi bai ga yaro ba, amma kuma ya ɗan zagaya ya nuna wa wani direba wurin ajiye mota. Na tsaya bakin kwalta ina duban hagu da dama, ina leƙen kwata, har wani makanike na tsallake ya ɗago daga cikin mota ya yi mini alama da hannu ko lafiya.

Na koma filin motoci ina kiran Malam. Mutum huɗu ko biyar masu babbar riga suka waiwayo, ɗaya har ya amsa.

Matar da aka ba aikin abinci ce ta lura da ni. Kirista ce daga Narayi, babba, tana jera kuloli a inuwar mangwaro. Ta riƙe hannuna ta ce 'yata, mene ne. Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ɗaure zani ta ce yaya sunansa. Na ce Malam.

"Haba 'yata. Yau ko kaza ce ta shiga wurin nan Malam ce. Sunansa na gaskiya."

Na ce ba na faɗa. Ta ce to in raɗa mata a kunne. Na buɗe baki, wallahi harshena ya ƙi. Sai na nuna mata ƙyallen da aka rataya a bango, mai hoton Baba da sunansa da manyan baƙaƙe. Ta karanta, ta dube ni, ta ce wato ita ce za ta tsaya tana ƙwala wa mai taron kira, a kore ta da kulolinta? Duk da haka ta kira, ƙasa-ƙasa, a bayan azuzuwa, a wurin tankin ruwa. Ta ɗaga murfin wata rijiya ta leƙa, ni na kasa kallo. Ta ce ba komai ciki. Ta ce in koma zaure in faɗa wa babansa, kunya ba ta nemo yaro, ita za ta bi titi.

Na shiga ta ƙofar baya. An riga an miƙa wa Baba lambar yabo, yana tsaye shi ke magana, zauren tsit. Baban yaron ya koma can gaba kusa da dandamali, tsakanina da shi layin maza ne cike. Na tsaya jikin bango.

Baba yana cewa an yabe shi da yawa, shi kuwa abin da ya gagare shi ya fi tunawa. Ya ce akwai wata kalma a Larabci, sakla, ya yi shekaru yana nema mata Hausa bai samu ba. Ya ce mu muna da maraya ga wanda ya rasa iyaye, amma uwar da ta rasa ɗanta ba mu yi mata suna ba, Larabawa kuwa sun yi. Ya ce wataƙila kakanninmu tsoron kalmar suka ji. Ya yi shiru yana gyara tabarau.

A cikin shirun nan na kira sunan. Ban yi shawara da kaina ba. Na ji muryata ta cika zauren, sunan zalla, ba Malam, ba Farfesa, ba Alhaji. Rawuna suka juyo. Na ga Hajiya ta dafe ƙirji.

Baba ya ɗago, ya ce a cikin lasifika, "Na'am."

Sai farin ƙyallen babban teburin ya motsa. Yaron ya rarrafo daga ƙarƙashi, ƙafa ɗaya ba takalmi, riƙe da carbin wani, yana dariya an same shi. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Baba ya duƙa da ƙyar ya ɗauke shi, ya ce wa jama'a su yi haƙuri, ashe ba shi ake nema ba. Ya ce rabon da a kira shi haka tun mahaifiyarsa tana da rai. Ya ci gaba da jawabinsa da yaron a kafaɗa.

Ni na sulale na zauna a ƙasa jikin bango. Matar nan ta Narayi ta shigo tana haki, ta hango shi, ta buga mini baya ta koma wurin kulolinta.

Hajiya ta kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, kuma har yau in ya aiko tambaya ta bakin Hajiya take zuwa. A ranar, da muka isa gida, na ciro takalmin daga hijabi na sa wa yaron. Na kasa ɗaure igiyar, sai da babansa ya karɓa ya ɗaure masa.