Shuɗin da Ya Hau Ganyen Zulaiha

Yayata Zulaiha ta fi shekara ashirin tana sayar da ganye a Kasuwar Kure, kuma duk layin an san nata ba ya yaushi. Da asuba take yanke gindin alayyahu da latas, ta tsayar da su cikin baƙin bahonta mai ruwa. Ganyen ya ja ruwan ta kara, ya bi jijiyoyin nan har bakinsa. Takan ɗaga ɗaya saitin rana ta nuna wa mai saye: "Kin gani? Ya sha ya ƙoshi." Sunan nan shi ne jarinta, ba ta da wani.

Mijinta Mamudu kuwa gwanjo yake sayarwa, idan ya ga damar fita. Sai ga shi da sabuwar dabara, wai rina koɗaɗɗun wanduna su koma sababbi. Ya ɗauki bahonta ya ɗauraye su a ciki, bai gaya wa kowa ba. A unguwar Kpakungu ba mai zubar da ruwa, don haka ya bar shi nan yadda ya same shi. Da asuba ba wuta, baho baƙi, ita kuma ta tsoma ganyenta kamar kullum.

Rana na ɗagawa jijiyoyin latas suka yi shuɗi, kowane siriri ya fito raɗau. Maman Patricia mai abinci, wadda ta daɗe tana saye a wurinta, ita ta fara gani.

"Zulaiha, ashe kala kike sa masa? Ni kike ba guba in dafa wa mutane?"

A gaban kowa ta faɗa. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake, don ba wanda ya buɗe baki ya ce ya san halinta. Zulaiha ta kwaso kayanta ta hau keke ta dawo gida.

Mamudu ya saurara yana sakace. "To mene ne? Ɗan shuɗi ne fa, ba ya kashe kowa. Gobe sun manta."

Ba su manta ba, yanzu a bakin titi take kasa ganyenta. Amma a ranar sai ta ɗauko wuƙa. Ta yanka latas ɗin, ta haɗa kwaɗo da ƙuli, ta ajiye masa. Ina zaune a wurin. Ya ɗaga ganye ɗaya ya duba, ya ture kwanon da ƙafa.

"Haba Zulaiha, wa zai ci wannan?"