Abin da Kawu ya ɗinke a kwat ɗina

Jiya sanyi ya sa na ɗauko kwat ɗin da Kawu ya gyara mini kafin rasuwarsa bara. Ina sakawa na ji wani abu mai tauri a cikin shafinsa, daidai ƙirji.

Kawu tela ne a nan unguwar Harlem, mutumin Damagaram. Ko wace tufa aka miƙa masa, sai ya laluba shafinta da yatsa kafin ya amsa gaisuwa.

Wata Lahadi da hantsi na nuna masa wani tsohon fim ɗin leƙen asiri na Faransanci, tun na kafin yaƙin duniya na biyu, don ya fassara mini. Shagon na ƙamshin guga, sautin fim ɗin na shashsheƙa kamar tsohuwar rediyo. A fim ɗin wani mutum ya shigo otal, bai ko buɗe baki ba Kawu ya taɓa gilashin wayata.

"Ga shi nan. Dubi kafaɗar kwat ɗinsa, akwai takarda a ciki."

Haka kuwa aka yi. Da aka kama mutumin, Kawu ya daina fassara.

"Na taɓa ɗinke wa wani wasiƙa haka cikin riga a Yamai, zamanin soja," in ji shi. "Mutum ɗaya na gaya wa. Mai rigar bai dawo ba."

"Wa ka gaya wa, Kawu?"

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya taka keken ɗinkinsa. Babana ne kaɗai amininsa a Yamai.

Almakashi na gabana tun jiya, na kasa farkewa. Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa laya ce ka bar mini, ba suna ba.