Faifan da Na Bar wa Jikana

Jikana ya dawo Mafara hutu da wani ɗan allon lantarki kamar kwalin ashana, wai zai riƙa jin umarnin salula daga nesa. Ya baje wayoyinsa a kan faifaina. Na ce in la'asar ta yi abin bai yi aiki ba, 'yan gwangwan zan ba.

Amma na lura da hannunsa. Kowace waya sai ya duba ta sau biyu kafin ya liƙa da dalma.

"Tsohuwa, tunda idonki ba ya barin komi, tsare mini 'yar fitilar nan ta jikin allon. Daga bayan masallaci zan latsa salular."

Can sai fitilar ta ƙifta, koriya shar.

Ya shigo yana haki. "Ta kama?"

"Ta kama, ja'iri. Riƙe faifan, na bar maka."