Katifar da ke Bayan Motar Haladu

A unguwar Luggere da ke Jimeta, idan ka wuce layin masu walda, za ka ga wata doguwar mota koriya a gindin darbejiya, mai manyan tayoyi da jarkoki biyu ɗaure a samanta. Wanda ya leƙa ta gilashi zai ga ba ta da kujerar baya. Katifa ce shimfiɗe a gurbin kujerar, an lulluɓe ta da zane, da filo guda. Ba a taɓa kwana a kanta ba.

Mai motar shi ne Haladu Ɗanburam, tsohon direban gwamnati. Kakansa fatake ne da ya sauko daga ƙasar Kano da kanwa, ya ga kogi ya zauna. Haladu ya shafe ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan ma'aikata tsakanin Yola da Kaduna, daga baya Abuja, duk a kan kwalta. Abin da aka san shi da shi a ma'aikatarsu shi ne taya. Kullum safe kafin ya kunna mota sai ya zagaya ya bugi kowace taya da ƙafa, in ya ji wata ta ɗan yi laushi, ko da kwamishina na jira, sai an biya wajen mai faci. Yakan ce taya mai laushi ta malalacin direba ce. Har ya yi ritaya taya ba ta taɓa fashe masa a hanya ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa, shi da wansa Na'inna, wanda yake kira Hamma. Na'inna ɗan kasuwa ne, yana sayo bandar kifi daga Baga ya kawo kasuwar Jimeta. Yana Baga a farkon shekarar 2015 lokacin da 'yan bindiga suka afka wa garin. Ya bi jama'a ta cikin tafki, ya ɓulla Nijar, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. A wancan lokacin Yola cike take da mutanen da suka gudo daga Mubi da Michika da Madagali. Haladu ya bi sansanoni yana nuna hoton wansa, ko da ya san ba ta nan hanyarsa ta biyo ba. Mahaifiyarsu ta rasu tana tambayar ko an ji labari. Matar Haladu, Surayya, ta bi bayanta, 'yarsu Kausar ta yi aure a Gombe. Gidan da a da sai an ɗora tukunya biyu ya koma mutum ɗaya da rediyo.

Sai bayan shekaru wata rana wayarsa ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryar mace ce, da Hausa irin ta Barebari. Ta ce sunanta Asta, matar Na'inna ce, suna wani ƙauye can arewa da Gigimi, bayan Diffa, inda kwalta ta ƙare. Sai ta hau tudun yashi take samun sabis. Ta ce mijinta ya daɗe yana jin kunyar kiran gida don ya koma ba shi da ko tabarma, amma yanzu ɓarin jikinsa ya shanye. An ɗauko shi a amalanke zuwa kan tudun don ya yi magana.

"Haladu," in ji muryar Na'inna, tana jan harshe, "Inna fa?"

Haladu ya gaya masa. 

"To ka zo ka kai ni gida. Kusa da ita nake so a sa ni."

Motocin haya suna zuwa can, amma a saman buhuna ake zama, ana riƙe da igiya. Wanda ba ya iya zama da kansa ba zai kai ko zangon farko ba. Haladu ya tambayi masu motocin shata, duk wanda ya ji sunan wurin sai ya ce ba ya kai motarsa can. Sai ya sayar da gonarsa ta Namtari, wadda dama ba ya iya noma ta shi kaɗai, ya shiga neman mota.

A wani gareji a bayan kasuwa ya same ta, wajen wani dillali mai suna Jibrilla. Tsohuwar mota ce mai jan taya huɗu, wadda wata ƙungiyar agaji ta yi gwanjonta da za ta tattara kayanta. Gilashin gefe ɗaya ba ya sauka, kujerun sun yage, fentinta ruwan ƙasa.

"Baffa, wannan ba mota ba ce, raƙumi ne," in ji Jibrilla yana dukan ƙofarta. "Ka ba ta gas kawai ka kama addu'a."

"Raƙumin naka yana zubar da baƙin mai," in ji Haladu daga ƙarƙashinta.

"Haba Baffa, tsoho ai ba ya rasa tari. Kai ma ba ka yi?"

Haladu ya saurari injin kamar mai sauraron ƙirjin yaro. Ya duba lagireto, ya ja ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira taimako, ya ji ta shiga. Motoci masu kyan jiki suna nan a garejin, amma gonar Namtari ba za ta kai gare su ba. Ya saya. Daga garejin kai tsaye wajen mai faci ya nufa, ya sa aka ɗura wa tayoyin iska har suka yi tauri kamar dutse.

Launinta ya fara ja masa magana. A shingen bincike sai a sauke shi a tambaye shi me tsoho yake yi da irin wannan mota, don mutanen wannan yanki ba su manta da waɗanda suka shigo garuruwansu a motoci masu ruwan ƙasa ba. Wata maƙwabciyarsa da ta gudo daga Madagali ta daina bi ta ƙofar gidansa. Sai ya kai motar aka fesa mata kore. Sannan ya kwance kujerar baya, ya auna wurin da igiya, ya sa aka yanka katifa daidai tsawon Na'inna kamar yadda yake tuna shi.

Saura koyon tuƙi a rairayi, kuma Yola ba ta da hamada. Abin da take da shi Binuwai ne. Da rani kogin yakan janye ya bar fili na yashi fari fat, inda masu tifa ke ɗiba. Nan Haladu ya mai da makarantarsa, a ƙarshen rani, da zafin nan na Yola da ke sa kwalta laushi.

Ranar farko bai yi nisa ba motar ta nutse. Ya taka totur, tayoyin suka haƙa rami, cikinta ya zauna a kan yashi. Ya yini yana haƙa da shebur, yana cusa ganye da katako. Wani direban tifa, kakkauran mutum mai furfura a gemu, ya tsaya ya ja shi da sarƙa. Sunansa Ephraim, mutumin Michika, shi ma gudu ne ya kawo shi Jimeta.

"Baba, tayanka ya yi ƙarfi da yawa," in ji Ephraim. "Ka rage iska."

"In rage me?"

"Iska. Yashi ba ya son taya mai girman kai."

"Na gode da ja," in ji Haladu. "Amma ni da hannuna ba zan sace iskar taya ba. Na fara tuƙi kana goye."

"To, Oga direban gwamna. Gobe ma ina nan, sarƙa ma yana nan."

Haka aka yi ta yi. Haladu ya zargi giya, ya kai wa bakanike. Ya zargi nauyi, ya sauke jarkoki. Ya zargi ƙafarsa. Kullum safe sai ya bugi tayoyin ya ji su tauri, ya sauka kogi, ya nutse. Masu lodin yashi suka sa masa suna Mai Rijiya, don duk inda ya tsaya sai ya bar rami. In rana ta take yakan zauna a inuwar motar shi kaɗai, ya ci ƙosan da ya ƙunso, yana kallon motoci na wucewa a kan gada. Duk Juma'a Asta takan hau tudu ta kira. Yakan ce mata, "Ki ce wa Hamma ina nan tafe, motar ce ake ɗan gyarawa."

Wata Juma'a Asta ta ce Na'inna ya daina cin tuwo, sai kunu. Washegari Haladu ya nutse kamar kullum, Ephraim ya zo da sarƙa. Haladu ya ce ya ajiye ta. Ya gaya masa abin da katifar take yi a bayan mota. Ephraim ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce shi nasa uban a kan dutse suka bar shi ranar gudu, har yau bai san inda yake kwance ba.

Ya tsinci tsinken ashana ya miƙa masa. "Kai za ka yi da hannunka, Baba. Ni ba zan bi ka hamada ba."

Haladu ya durƙusa ya danna bawul. Iska ta yi ta fita da tsaki, yana kallon tayar tana buɗe ciki a kan yashi kamar tafin raƙumi, ya kawar da kai. Da ya gama duka huɗun ya shiga ya ɗan taɓa totur, motar ta fito daga ramin kamar ba ita ba.

Amma wannan ƙofa ce kawai. Akwai yadda ake hawan tudu ba a tsaya a tsakiya ba, da yadda ake sake totur mota ta tsaya da kanta maimakon taka birki, da gane yashin da zai ɗauke ka da wanda zai haɗiye ka. Hannun da ya saba da kwalta ba ya saurin mantuwa. Yana cikin koyo hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ruwa ya sauka a ƙasar Kamaru, kogi ya fara dawowa yana cin filin kaɗan-kaɗan. Masu tifa suka janye. Waɗanda suka san hanyar arewa suka ce masa mashigar kogin Yobe ta cika, ya jira rani.

"Da ka ji magana tun farko, da yanzu kana hanyar dawowa," in ji Ephraim, ba da faɗa ba. 

Ana tsakiyar damina, ranar da ba Juma'a ba, Asta ta kira. Da ya ga lambar ya san abin da za ta ce. An yi zaman makoki a Luggere ba gawa. Kausar ta zo daga Gombe ta ce ya sayar da motar ya koma wajenta da zama, Jibrilla ma ya aiko cewa yana da mai saye. Haladu ya ce su bari tukuna.

Da kogi ya sake janyewa ya koma yashi, ya ƙarasa abin da ya fara. Sannan ya bi ayarin 'yan kasuwa ta Damaturu da Gaidam, aka sauke shi a shingaye ba adadi, kowane soja sai ya tambayi katifar. Inda kwalta ta ƙare ya sauka ya durƙusa da tsinken ashana ba wanda ya ce masa. Bai nutse ko sau ɗaya ba.

Asta ta kai shi bayan ƙauye. Iska ta riga ta fara shafe tudun kabarin, sai wata tsohuwar fasasshiyar tukunya da ta kifa a wajen kai. Ya tara yashi da hannunsa ya gyara, ya nemo duwatsu ya jera, ya yi addu'a. Ya ce wa Asta ta biyo shi, akwai ɗaki a gida. Ta ce danginta suna nan, kuma in ta tafi ba mai kula da tukunyar. Ya ce to ko katifar ta karɓa. Ta ce a'a, ta mai ita ce, wanda aka yanka wa.

Yanzu motar tana gindin darbejiya. Wani lokaci da rani Ephraim yakan turo wa Haladu direban da ke son koyon yashi, shi kuma ya sauka da shi kogi, ya miƙa masa tsinken ashana tun kafin su shiga. Ran Juma'a bayan masallaci yakan tuƙa zuwa maƙabarta ya tsaya a kan kabarin mahaifiyarsu. Wurin da ke gefenta an riga an sa wani. In ya dawo yakan buɗe ƙofar baya ya kakkaɓe zanen, ya gyara filo, ya rufe, sannan ya shiga gida ya kunna rediyo.