Ranar Da Na Tuƙa Tuwon Suna Da Kanyar Shekara Uku

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai ji da kanta. Shekarata goma sha ɗaya a gidan miji a Batsari, yarana huɗu, kuma a unguwarmu an san ni da dabara. In miya ta yi gishiri ni ake kira, in tukunya ta ƙi isar baƙi ni ake kira, har na fara ganin ba ni da buƙatar tambayar kowa komai. Na daɗe ina son rubuto wannan labari kunya tana hana ni, amma yanzu da nake iya ba da shi ina dariya, na ce bari in aiko, ko wata za ta tsira daga irin wautar da na tafka.

Maigidana katako yake sayarwa a kasuwa, na rufi da na ƙofa. Amma abin da ya fi ƙauna yana gida, a wani ɗan ɗaki kusa da zaure. Can yake tara guntayen itatuwa masu daraja, irin su madobiya da ƙirya da kanya da maɗaci, yana sayar da su ɗaya-ɗaya ga masu sassaƙa don sha'awa kawai. Akwai malaman makaranta da suka ajiye aiki, akwai wani ma'aikacin asibiti mai sassaƙa carbi, akwai masu bugo waya daga Katsina a ba direba saƙo. In ya samo itace sai ya yanka, ya shafe bakin kowane guntu da kakin zuma don kada ya tsage, ya yi masa alama da alli, ya jera a kan katanga ya bar shi ya bushe a inuwa. Wani sai ya shekara biyu ko uku. Duk Juma'a sai ya shiga ya jujjuya su, yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Ni kuwa na raɗa wa ɗakin suna asibitin itace, in na ga ya nufi can sai in ce likita zai duba marasa lafiya. Tsofaffin nan ma ban bar su ba, ina cewa sun girma sun koma wasan yara. Ya sha jawo ni ya nuna mini bambancin wannan da wancan, ni dai a idona itace itace ne.

Wata damina ya tafi Kano jinyar ƙanensa, zai yi mako biyu. Ana cikin haka matar maƙwabcinmu ta haihu, kuma tun jajibirin suna ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Da safe muka taru, itacen da aka tanada duk ya jiƙe sharkaf. Muka hura, muka fifita, hayaƙi ya cika mana ido, wuta ta ce ba ta san zancen ba. Ga baƙi na tafe daga Yasore, ga shinkafa an wanke, ga garin tuwo an tankaɗe. Mata suka juyo suna kallona, ni kuwa kaina ya fasu. Na ce kowa ta kwantar da hankalinta. Na zo gida na ɗauko mabuɗin ɗakin itacen a inda maigida yake ɓoye shi, na kwaso guntaye shida, har da wani babba mai nauyin tsiya da ke can ƙurya, an zana masa alamar jinjirin wata. A raina na ce wannan tun da ya yi ƙura haka, ai an manta da shi ne.

Jama'a, ban taɓa ganin itace mai biyayya irin wannan ba. Kakin nan na bakinsa, ashana ɗaya ya kama. Wuta ta tashi tas, ba hayaƙin kirki, ga wani ƙamshi mai daɗi da ya cika gidan har wata tsohuwa tana tambaya ko turaren wuta aka sa. Babban guntun na tura shi ƙarƙashin tukunyar tuwo, ya wuni yana ci a hankali. Aka ci aka sha, aka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina yanga ina cewa ai ba komai. Da aka gama, saboda na tsani almubazzaranci, sai na zaro abin da ya rage na babban, na turbuɗa shi cikin yashi ya mutu, na kawo gida na jefa bayan akurkin kaji don girkin wata rana.

Bayan kwana biyu maigida ya bugo waya. Mun gama gaisawa, ya ce zai dawo Laraba, domin ranar Alhamis Baban Safana zai zo karɓar itacensa. Wannan dattijo tsohon malamin gona ne, ya kai shekara saba'in, ya fi kowa zuwa gidanmu. Maigida ya ce in share ƙofar ɗakin, ranar farin ciki ce, kanyar nan mai alamar jinjirin wata ta cika shekara uku. Na tambaye shi da wata siririyar murya me ya sa kanyar ta fi sauran. Sai ya ba ni labarin da na tabbata ya taɓa ba ni ban saurara ba. Bishiyar a gonar mahaifin dattijon take a Darini, gonar da aka sayar tun da daɗewa. A gindinta mahaifiyarsu ke sauke musu abinci in ana noma. Iska ta kayar da ita, maigida ya saya, dattijon ya ji labari ya zo ya roƙi a ware masa zuciyar itacen. Yana so ya sassaƙa wa yayarsa akushi, ita ce ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, kuma duk Salla sai ta tambaye shi ko itacen ya bushe.

Na ajiye waya. Da na yi hankali, a take zan sake kira in faɗi gaskiya. Amma mai dabara ai ba ta kuskure, sai dai ta gyara. Na je wani gida da aka sare bishiyar bedi, wato dogon yaro, na zaɓo guntu mai kama da girman wancan. Na goge shi da gawayi, na ga bai yi duhu ba, na samo baƙin mai wurin masu gyaran babur na mulke shi. Kakin zuma ban san inda ake samu ba, sai na narka kyandir na ɗiga a bakinsa. Na zana jinjirin wata da allin yara, na yayyafa masa ƙura, na kai ƙurya na ajiye. Har tsayawa na yi na ja da baya ina yaba aikina. Yau in na tuna sai in rufe fuska.

Ranar Alhamis da hantsi dattijon ya iso a bayan ɗan acaɓa, ya sha farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, da 'yar jakarsa ta gizago da wuƙaƙe. Maigida bai leƙa ɗakin ba tun da ya dawo, saboda gajiya. Aka yi doguwar gaisuwa, na durƙusa na kawo kunu. Suka shiga ɗakin tare, ni kuma na laɓe a bakin ƙofa. Maigida ya kai hannu biyu zai ɗaga abu mai nauyi, sai itacen ya taso masa sakayau har ya kusa faɗuwa ta baya. Ya dubi itacen, ya dubi tafin hannunsa da ya yi baƙi ƙirin, ya dubi gurbin sauran guntayen biyar. Dattijon ya karɓa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kai hanci. Can sai ya ce shi dai ya san kanya tun yana yaro, amma bai taɓa ganin wadda ta koyi aikin kanikanci ba sai yau.

Abin da ya karya ni shi ne maigida ya buɗe baki zai ɗauki laifin, ya fara cewa sakacinsa ne. Ban san lokacin da na faɗa ɗakin na zube ba. Na faɗi komai, tun daga ruwan sama har kyandir, ina kuka ina haɗiyar zuciya. Na ga idon dattijon ya kawo ruwa, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ce ba itacen yake ji ba, abin da zai je ya faɗa wa yayarsa yake tunani. Sai ya tambaye ni, yana kirana ɗiyata, ko tuwon ya yi daɗi. Na ce ya yi. Ya tambaya ko an ƙoshi. Na ce har an kai wa maƙwabta. Ya ce to alhamdu lillahi, kanyar nan tun asali aikinta ke nan, a ci abinci a gindinta. Daga nan ya ce shi bai yarda kanya irin wannan ta ƙone ƙurmus a wuni ɗaya ba, in akwai ko toka ce in nuna masa.

Da gudu na je bayan akurki na kinkimo guntun, baƙi wuluk, da kashin kaji a jikinsa. Dattijon ya naɗe hannun farar rigarsa, ya zauna a ƙasa, ya fiddo gizago ya fara kankare gawayin. Muna tsaye ni da maigida mun zuba masa ido. Gawayi na zuba, yana zuba, sai muka ji sautin gizagon ya canja, ya koma ƙwal-ƙwal. Ga itace nan lafiyayye a ciki, mai duhu, mai sheƙi, ko tsaga babu. Ya auna da tafin hannu, ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce babban akushin da ya yi niyya ba zai fita ba, amma ƙarami zai fita, kuma yayarsa yanzu loma biyar take yi ta ƙoshi, wato wuta ta yanka mata daidai cikinta. Ya ƙara da cewa dama masassaƙa ƙona akushi suke yi ya yi baƙi, don haka na rage masa aiki, sai dai ba zai biya ni lada ba. Ina hawaye ina dariya, maigida kuma ya zauna daɓas a kan buhu yana hamdala.

Bayan mako biyar ya aiko cewa mu zo Safana, kuma lalle da ni. Na so in ƙi, maigida ya ce ai mai dabara ba ta gudu. Muka iske tsohuwar a kan tabarma, 'yar ƙarama da ita, bakinta bai mutu ba. Ƙanenta ya durƙusa ya sa mata akushin a cinya. Ta shafa shi ciki da waje, ta bi bakinsa da yatsa, sannan ta ɗaga ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Sai ta ce wannan ƙamshin hayaƙin fa, a ina ya samo shi? Haka akushin innarsu yake ƙamshi, don a madafa ake kife shi, kuma ita ta ɗauka ba za ta sake jin wannan ƙamshi ba sai a lahira. Dattijon ya nuna ni ya ce ga mai aikin nan. Dole na sake ba da labarin tun daga farko. Da na zo kan baƙin mai, tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta jawo kaina ta dungure ni, sannan ta yi ta sa mini albarka. A gabanmu aka zuba mata tuwon dawa a ciki, ta cinye tas, ta ce a ƙara. Da za mu tafi, dattijon ya miƙo mini wata 'yar koshiya da ya fitar daga ragowar, ya bar tabon ƙuna a mariƙinta da gangan.

Sauran guntayen biyar sun tafi ke nan, kuma irinsu ba sa samuwa da sauƙi yanzu da shiga daji ya zama abin da ya zama. Maigida bai yi mini faɗa ba, tsiya dai na sha ta, har yau in na hura wuta sai ya leƙo ya tambaya ta shekara nawa ce. Ni ma na sauke girman kai na ce ya koya mini. Yanzu ina gane madobiya da ƙamshi, ina gane ƙirya da nauyi, ni ke narka kaki, kuma in ba ya nan ni tsofaffin ke samu. Na gano ba wasan yara suke yi ba. Kusan kowane guntu da suka saya, akwai wanda suke tunawa da shi.

'Yan uwana mata, har ma da maza, sana'ar da ake yi a gidanku ku san ta, ko ba ku za ku yi ba. Abin da kuka ga an killace, ku tambaya kafin ku taɓa, ƙura ba ta nufin an manta. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa da wuri. Ƙona itacen kuskure ne, kuma Allah ya rufa mini asiri a kansa, amma shafa baƙin man nan da hankalina na yi shi, shi ne har yau nake neman gafara a kai. Ni na yi sa'a na haɗu da mutanen kirki, ba kowa ke samun haka ba. Tsohuwar ta yi Salla biyu tana cin tuwo a akushinta kafin Allah ya karɓi abarsa. Da na tsaya kan ƙaryata, da guntun nan na bayan akurki ya ƙare a girkin ɗumame, da kuma ta tafi tana tambaya ko itacen ya bushe.